Yadda Habboba Ta Kayar da Gwamnati a Hanyar Abashe

Tun da aka koma makaranta ba ku bar ni na ci ful ɗina, dafaffen waken nan namu, a natse ba. Da an kaɗa ƙararrawar karin kumallo sai Nafisa ta jawo kujera, Asiya ta haye tebur, a tasa ni a gaba: "To, Zulai, yaya Chadi? Wai da gaske an kama ku?" Kun san halina, in idanu suka yi min yawa harshena naɗewa yake yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ku karanta ku miƙa wa juna, ni kuma in ci abincina da ɗuminsa.

Da gaske an kama mu. Amma bari in faro daga gida.

A ƙarshen yankan dawa wani ɗan ƙwadago daga yamma, cikin masu zuwa aikin manyan gonakin Fashaga, ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Gadarif, yana neman wata tsohuwa Delu, 'yar Damagaram. Muka ce ba mu san ta ba. Sai Habboba, kakata ta wajen uwa, ta jingine tsintsiya ta ce, "Ni ce." Ran nan na fara jin sunan yarintarta. Mutumin ya ce yayanta Mamman yana nan da rai a Abashe, amma tun damina yake kwance, ko zama sai an tallafe shi, kuma duk wanda ya ji zai yi gabas sai ya roƙe shi ya cigita masa Delu.

"In za ku je," in ji shi, "kada ku yi nawa."

Ita da yayan nata sun rabu a hanya tun Habboba ba ta kai shekaruna ba. A ranar ta fara ɗaure kaya.

Kawu Sale, autanta, shi aka ɗora wa rakiya, tunda direban tarakta ne kuma tsakanin girbi da ruwan fari ba shi da aiki sai shan shayi a kasuwar hatsi. Ni kuwa Habboba ce ta nuna ni da baki. "Ba 'yar nan ce ake koya wa Faransanci ba? A tafi da ita, ita ce bakinmu." Ku da muke aji ɗaya kun san iyakar Faransancinmu: gaisuwa, sunayen ranaku, da tambayar ina alƙalami yake. Na buɗe baki zan faɗa, na ga kowa yana dubana da alfahari, na rufe.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Habboba. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta wuce takarda mai rubutu a ƙasa. Takan tsaya, ta ɗauka, ta kaɗe, ta soke a zanan gida, in sun taru ta ƙone su da bisimilla, domin wataƙila akwai sunan Allah a ciki kuma ƙafa za ta taka. Tsofaffi da yawa suna haka, sai dai ita ta fi kowa. Ita da mai ta'amiyar bakin layinmu, ƙosan nan namu, har yau ba sa ga-maciji, saboda ya taɓa naɗe mata ta'amiya a jarida.

Mun hau bas zuwa Kosti, daga nan muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa Nyala. Jirgin nan gari ne guda. Akwai mutane a kan kujeru, akwai a ƙarƙashinsu, akwai a kan rufi, har da wani mutum da ya kwanta a ma'ajiyar kaya bisa kanmu, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai tafin ƙafarsa, mai faso uku a dunduniyar hagu. In Habboba ta buɗe guzuri sai hannu ya sauko a hankali, ta sa masa dabino, hannun ya koma. A haka suka saba. Da muka isa Nyala ta yi wa ƙafar sallama.

Jirgin yakan tsaya a tsakiyar daji ba dalili. Da farko na tsorata, sai na ga jama'a suna sauka da tabarmi da butoci kamar an iso gida. A hura wuta, a ɗora shayi, mata makiyaya su ɓullo daga inda ba a ga ko bukka ba, ɗauke da nono. In jirgi ya yi kuka sai a kwasa a guje. Sau ɗaya Kawu ya shigo ta taga riƙe da buta tana tafasa, takalminsa ɗaya ya zauna a Kordofan. A duk tsayawar nan Habboba ba ta sauka ba ko sau ɗaya. Tana zaune da ƙullin alewar riɗi da ta yi wa yayanta a cinya, tana cewa, "Auta, je ka ce wa mai jirgin nan akwai mara lafiya a gaba."

A Nyala mun sauka gidan wani Bahaushe mai saukar da baƙi. Matarsa ta ba mu tuwon asida da miyar kawal, wani ganye da ake binnewa ya ruɓa kafin a dafa. Warinsa ya riga kwanon shigowa. Na ci don kunya, na ƙara don daɗi. Daga nan sai lori zuwa Junaina, a kan buhunan albasa. In an zo rafi mai yashi maza su sauka su tura, mata su yi salati. Kawu ya tura da takalmi ɗaya nasa, ɗaya na aro.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. A ɓangaren Chadi, a garin Adare, ma'aikacin ya tambayi Habboba ita 'yar wace ƙasa ce.

"An haife ni a Damagaram, na yi haƙoran girma a hanya, na haihu a Gadarif. Zaɓi wadda ta yi maka."

"Shekarar haihuwa fa?"

"Shekarar da fara ta cinye gero."

"Inna," in ji Kawu, "fara ai kullum tana cin gero."

"To ya rubuta kullum."

Mutumin ya dube ta, ya dubi layin da ke bayanmu, ya buga hatimi.

Adare ba ta da nisa da Junaina, amma abubuwa sun sake. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata ake ɗaukarsa, kuma in ya kwana zai iya fasa kai. Larabcinsu muna ji, sai dai kamar an sa masa tsakuwa, kuma can tsakiyar magana sai Faransanci ya faɗo. Shayinsu ja ne wur, sukari har cokali ya tsaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jarida. Ana kawo tsofaffin jaridun Faransanci dami-dami, a sayar wa masu nama da masu ƙosai da masu gyaɗa, su yayyaga su naɗe kaya. In an cinye a yar. Mu a Gadarif ko ɗan iska yakan ɗan kauce wa rubutu a ƙasa. Su kuwa tunda ba baƙaƙen Larabci ba ne, takawa suke yi abinsu. Tashar mota fari fat da takardu.

Habboba ta tsaya cik a bakin tasha, ta dafe ƙirji. Sannan ta sunkuya.

"Inna, wannan rubutun Nasara ne," in ji Kawu. "Ba komai a ciki sai siyasa."

"Ka karanta?"

"Ban iya ba."

"To da wane baki ka san ba sunan Allah? Faransa su suka halicci kansu?" Ta juyo gare ni, ta miƙo min wata mai naso da man nama. "Ke, malama. Rantse babu."

Na duba. Na gane kalma biyu, ɗaya "da", ɗaya "Alhamis". Na ce ba zan iya rantsewa ba.

"Ka ji," in ji ta.

Lorin Abashe ba ya tashi sai ya cika, kuma bai yi saurin cika ba. Kafin ya cika Habboba ta share tashar Adare tas. Wata mata ta ɗauka ma'aikaciyar shara ce, ta miƙo mata ɓawon mangwaro. Har da akuya ta yi kokawa a kan wani babban shafi, akuyar ta tafi da rabi, Habboba ta tsira da rabi. Ta so ta ƙone su a nan, masu tasha suka taso mata saboda gangunan man fetur. Sai ta cusa su a buhun da muka zo da guzuri, ta ɗaure, ta ce sai Abashe.

Mun yi nisa, rana ta karkata, lori ya tsaya. Igiya ce aka gitta a hanya, an ɗaura mata tsummoki, ganga ɗaya a kowane gefe. Can gefe rumfa da ɗaki ɗaya na ƙasa, da wata tsohuwar mota a-kori-kura da kaza ke kwance a ƙarƙashinta. Jandarmomi uku ne a wurin. Babbansu, wanda suke kira Shef, yana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Akwai wani dogo mai sabon takalmi, sai wani tsoho da ba ya barin gindin murhun shayi.

Dogon ne ya kwance buhun. Ya leƙa, ya ja da baya, ya kira Shef.

"Kayan wane ne wannan?" in ji Shef.

"Nawa ne," in ji Habboba.

"Me za ki yi da jaridu buhu guda, Hajja?"

"Ƙone su zan yi."

"Ƙone su! Wa ya sa ki?"

"Allah."

Kawu ya shiga tsakani yana rantse-rantse, yana bayanin halin tsohuwa, amma Shef ya ɗaga hannu. Ya ce lokacin siyasa ne, ƙasa ba ta zauna daidai ba, kuma ga tsohuwa ta tsallako iyaka da jaridu buhu guda tana cewa aiko ta aka yi. Dole a yi bincike.

Habboba ta zungure ni. "Yi masa Faransanci ya san mu ba 'yan daji ba ne."

Na gaishe shi, muryata kamar ta sauro. Fuskarsa ta washe, ya kwararo min magana doguwa, har da nuna sama da yatsa. Da ya tsaya yana jiran amsa, na ga ba ni da sauran komai, sai na jero masa ranakun mako daga Litinin har Lahadi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai sake yi min Faransanci ba.

Direban lori ya ɗan jira, fasinjoji suka fara gunaguni, sai aka sauke mana kaya. Da lorin ya tashi Habboba ta bi shi da sassarfa, tob ɗin da ta lulluɓa na jan ƙasa, ƙullin alewa a hannu, tana kiran direban "ɗana, ɗana". Ban taɓa ganinta tana gudu ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya har ƙurar ta kwanta, sannan ta dawo ta zauna a kan kayanmu.

Binciken kuwa ga yadda aka yi shi. Aka shimfiɗa tabarma, aka baje takardun, aka danne kowace da dutse. Shef ya tsuguna yana karantawa da ƙarfi, yana fassara wa tsohon da Larabci. Ba a jima ba na gane abin da ke faruwa. Rediyonsu ya mutu tun da batir ya ƙare, kuma sun daɗe ba su ga jarida ba. Yunwar labari ce ke cinsu. Shef ya karanta rabin sharhi a kan haraji, Dogo ya ce marubucin ɗan adawa ne, tsohon ya ce duk marubuta 'yan adawa ne sai an ba su kujera. Suka yi musu a kan wani minista da man ƙosai ya cinye sunansa. Suka karanta wani dogon bayani a kan zamanin mulkin Faransa, Shef ya ce Faransa ta kawo hanya da makaranta, tsohon ya ce hanyar a kan wuyan ubansa aka kawo ta. Har sakamakon ƙwallo suka karanta, Dogo ya yi murna da cin da bai san ko na yaushe ba ne.

Sai Shef ya ɗauko shafin nan na akuya. Ya fara karantawa, ya yi shiru. Ya sake karantawa da leɓe kawai.

"Lafiya, Shef?" in ji Dogo.

"Gwamnati ta faɗi."

Tsohon ya ajiye buta.

"Ga shi da manyan baƙaƙe. Gwamnati ta yi murabus, ministoci duka sun sauka." Ya juyo wurin Habboba. "Ina ragowar?"

"Tana cikin akuya."

"Wace akuya?"

"Wata ja, a Adare. Ba mu yi sallama ba balle in tambayi sunanta."

Dogo ya shiga ɗaki. Ta ƙofa na hango shi ya sauke hoton shugaban ƙasa daga bango ya kifa a kan tebur. Tsohon ya ce ya mayar, ai ba a ce shugaba ya faɗi ba, gwamnati aka ce. Dogo ya ce in rumfa ta faɗi mai rumfa ba ya zama a inuwa. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe aka mayar da hoton bango aka lulluɓe shi da tawul.

Ni kuwa ina zaune daidai inda Shef ya ɗaga takardar, ina ganin bayanta. Hoto ne na mutane sanye da manyan riguna har wuya, suna tafiya a kan wani farin abu kamar auduga, da wata mata tana jan kare, karen ma da rigarsa. Takardar ta yi rawaya don tsufa. Na matsa kusa da Kawu na raɗa masa cewa ina jin wannan gwamnatin ta can ƙasar Faransa ce, kuma ta daɗe da faɗuwa.

Kawu ya dubi hoton, ya dubi Shef, ya matse min hannu. "Rufe bakinki, 'yar albarka. In gwamnati na nan, mu fursunoni ne. In ta faɗi, mu baƙi ne."

Haka kuwa aka yi. Aka fito wa Habboba da gado, aka kawo shayi a kofin Shef na kansa, Hajja ta koma Madam. Shef ya jawo kujera kusa da ita, ya sassauta murya.

"Madam, tsakanina da ke. Su wa suka hau?"

"Hau me?"

"Mulki."

"Ni dai da na baro garinmu, Kumandan Faransa ne ke mulki."

Sai ta ba shi labarin da ko mu jikokinta ba mu taɓa ji ba. Ta ce wata rana aka wayi gari an kafa takardar Faransa a jikin tsamiyar ƙauyensu. Babu mai iya karantawa. Wani ya ce haraji ne, wani ya ce samari ake nema aikin dole, a fasa dutse a yi hanya, kuma waɗanda aka kwasa bara ba duka suka dawo ba. Yayanta ya riga ya gudo daga aikin hanyar sau ɗaya. Ubansu bai jira a samo mai karatu ba, ya ɗora su a jaki suka yi gabas.

"Me aka rubuta a takardar?" in ji Shef.

"Wa ya sani? Wataƙila kaza ce ta ɓace wa Kumandan." Ta ajiye kofi. "Ɗana, takarda ɗaya ta raba ni da garinmu. Kada ka bar buhu guda ya raba ni da ɗan'uwana. Yana kwance, kuma ban san ko zai jira ni ba."

Shef ya sunkuyar da kai, na ga abin ya taɓa shi. Amma ya ce ba zai iya sakinmu ba sai ya aika rahoto, tunda ga shaida a shimfiɗe a tabarma, kuma ba zai iya aika rahoto ba sai ya san wa zai aika wa. Muka kwana a rumfa.

Da safe wata motar shanu ta iso, su ukun suka tafi bakin igiya. Wajen tashi Dogo ya taka takarda ɗaya da sabon takalminsa, har sawun ya fito. Habboba ta dubi sawun nan. Ta miƙe, ta ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tattara jaridun, ta sauke butar tsohon daga murhu, ta yi bisimilla. Takarda mai maiƙo ba ta gardama da wuta.

Shef ya dawo a guje, hannu biyu a ka. "Kin ƙone shaida!"

"Tun jiya na gaya maka ƙone su zan yi."

"Ban gama karantawa ba!"

Tsohon ya leƙa murhu, ya mayar da butarsa a kan tokar. "Ba shaida, ba shari'a, Shef. Shayi dai zai yi sauri."

Shef ya yi ta kai da kawowa. Can ya tsaya ya ce shi ba zai zauna a daji bai san wa yake wa aiki ba, Abashe zai tafi ya gani da idonsa, kuma da mu za a tafi. In gwamnati na nan, ya kawo fursunoni. In ta faɗi, ya rako uwar manya. Aka kori kaza daga ƙarƙashin mota, mota ta ƙi tashi. Kawu ya buɗe gabanta, ya tsotsi wani bututu ya tofar, ta tashi da tari. Tunda shi kaɗai ta yarda da shi, shi ya tuƙa. Haka muka shiga Abashe, fursuna na tuƙi, Madam a gaba, Shef da ni a baya muna riƙe da kaya.

A unguwar Hausawa Shef ya miƙe tsaye a bayan mota, da kakinsa da hularsa, yana tambaya da ƙarfi, "Ina gidan Mamman ɗan Damagaram?" Na lura duk wanda aka tambaya sai ya nuna wani gefe dabam, kuma wata mata ta ajiye tulu ta shige lungu da sauri. Da ƙyar wani makaho ya kwatanta mana.

Wata mata mai kamar shekarun innata ta tare mu a tsakar gida, tana goge hannu a zane. Daga baya muka san 'yar Mamman ce. Ta dubi kakin Shef ta ce, "Babu mai wannan suna a nan."

Habboba ta ture ta ta leƙa ɗaki. Gado ba kowa, an yaye mayafi, ga ƙwaryar magani a ƙasa. Ta fito a hankali, ta zauna daɓas a bakin ƙofa, ƙullin alewa ya gangara daga cinyarta.

"Yaushe?" in ji ta. "Yaushe aka kai shi?"

Matar ta tsaya tana kallon Shef, tana kallon tsohuwa.

Ni kunya ta sa na kau da kai, ina duban turken awaki a kusurwar gida. Awakin duk sun taru a gefe ɗaya, kunnuwa a miƙe, suna kallon tarin harawa, kuma ba wadda ke ci. Ban taɓa ganin akuya ta tsaya kallon harawa ba. Da na ƙara dubawa, sai ga babban yatsan ƙafa a ƙasan tarin, yana ƙoƙarin komawa ciki. Na ja gefen tob ɗin Habboba, na nuna mata.

Ta tashi, ta je ta tsaya a kan tarin.

"Yaya."

Harawa ba ta motsa ba.

"Yaya Mamman, fito. Delu ce."

Harawa ta motsa kaɗan. Wata murya ta ce, "Delu ba ta yawo da jandarma."

"Su suke yawo da ni. Fito."

"Ki ce musu bayana ya mutu. Ko tsakuwa ba zan iya ɗauka ba. Su nemi wani ya ƙarasa musu hanyarsu."

"An gama hanyar, Yaya. Ta kanta ma aka manta."

Kawu da 'yar Mamman suka yaye harawar. Ga tsoho ƙanƙani a naɗe, ƙashi da fata, idanu tar. 'Yar ta fashe da kuka haɗe da dariya, tana cewa mutumin da tun damina sai an juya shi, yau da jin an ce jandarma na cigiyar Mamman ɗan Damagaram, kafin ta juyo ya ƙetare tsakar gida.

Shef ya ƙame ya sara masa. "Baba, ba wurinka na zo ba. Tambaya ɗaya gare ni. Gwamnati ta faɗi?"

"Wacce?" in ji tsohon.

'Yar ta share ido ta ce ita dai da safen nan ta ji shugaban ƙasa a rediyo yana buɗe wata rijiya. Na dubi Shef. Na san tawul yake tunani. Ya ce an sallame mu, ya roƙi aron batir biyu, ya ja Kawu waje ya tayar masa da mota.

Aka so a ɗauke tsohon a mayar ɗaki, ya ƙi. Habboba ta zauna a ƙasa kusa da shi, a nan cikin turken awaki, ta fara cire masa ganyen harawa daga gemu, ɗaya-ɗaya. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin tsufa, Delu."

"Kai ka ce mu yi gaba. Ka ce za ka ɗan yi ƙwadago a nan ka samo guzuri, kana biye da mu." Ta ciro wani ganyen ta yar. "Har Gadarif ina waiwaye."

Ya kama hannun nata ya riƙe.

"Ina tafe," in ji shi. "Ke ce kika cika sauri."